Ƙurajen Fuskata da Tatsuniyar Ƙwai Biyu

A gidanmu na Kwanyawa, in an gama kai amfanin gona gida sanyi ya sauka, ɗakin Iya muke tarewa bayan an ci tuwo. Iya ita ce mahaifiyar babanmu, Bafulatana ce ta wajen Rogo, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta rabu da karin Fulatanci ba. Tana da wani tsohon kasko da take hura wuta a ciki da totuwar masara. Mu jikokinta sai mu zagaye shi, wasu na gasa dankali, wasu na ture juna don su samu jingina da ƙafarta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya natsu. In wani ya cika surutu, sai ta ce tatsuniyar ta ji hayaniya ta koma daji.

Shekarar da na shiga sha huɗu, ina makarantar kwana ta 'yan mata, ƙuraje suka feso mini a goshi da kumatu. Da farko ƙanana ne kamar tsabar gero, daga baya suka zama manya masu ruwa da zafi. 'Yan ɗakinmu suka laƙaba mini suna Dutsen Niƙa. Kullum ina laɓe da guntun madubi ina matsa su, wurin ya yi jini, ya warke ya bar baƙin tabo. Da muka zo hutu, na sayi wani mai a 'yar kwalba marar suna a hannun mai tallan magani, don wata ta ce da shi yayarta ta yi fes. Ban daɗe ina shafawa ba fatar ta fara saɓulewa, fuskata ta yi kala biyu, ko iska ta taɓa ni sai na ji raɗaɗi.

Na samu Baba na ce ba zan koma makaranta ba. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma sai da ya sha surutun 'yan uwansa kafin ya kai ni. Ya dube ni ya ce, “Binta, ba zan ja ki da igiya ba. Amma in kin zauna, kin zauna ke nan.”

Na daina zuwa rijiya, na daina zuwa ɗakin Iya. Mayafi ne a fuskata har cikin gida.

Wata rana bayan sallar isha'i Iya ta aiko a ce in zo in zura mata zare a allura. Na tarar da yara sun cika ɗakin. Ba ta dubi fuskata ba, allurar ma ba ta ba ni ba.

“Ƙawata, zauna nan bakin ƙofa, zafin wuta ba naki ba ne yau,” in ji ta. Ta juya ga yaran. “Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata.”

“Ta shigo mu ji ta,” suka amsa.

Ta ce an yi wata yarinya da ta gano zuma a kogon tsamiya. Kullum sai ta hau ta sha ta ƙoshi, ta dawo gida ta ƙi tuwo. Rannan ta wayi gari ƙudan zuma sun yi ƙananan ɗakuna a fuskarta. Ta sa farce ta rushe ɗaya, kafin yamma biyu sun fito a wurin. Ta goge da yashi, ta shafa toka da kanwa, fuskar ta ƙara hawa. Kunya ta kore ta daga gari, ta yi ta tafiya har ta iske wata tsohuwa a bakin rafi tana kiwon zabi.

Nan Iya ta sauya murya, ta mai da ita siririya tana rawa. “Jikata, zan yi miki magani, amma sai kin yi mini aiki. Zabuwata ta gudu ta bar ƙwai biyu. Riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kada ki ajiye sai sun ƙyanƙyashe.”

Yarinya ta karɓa. Fuska ta yi ƙaiƙayi, ba hannun sosawa. Ta tuna zuma, ba hannun hawa bishiya. Abin da tsohuwa ta sa mata a baki shi take ci, yau zogale, gobe wake. Safe da yamma tsohuwa ta wanke mata fuska da ruwan rafi, a hankali kamar mai wanke jariri. Sau da yawa yarinya ta yi kuka ta ce maganin ba ya ci, tsohuwa ta ce, “Ƙwan ya fashe ne? To, da saura.” Ranar da 'yan zabi suka fito, ta leƙa ruwa ta ga ƙudan zuma sun tashi, sai 'yan alamun inda suka zauna.

Wata ƙanwata ta tambaya, “Iya, alamun ba su goge ba?”

“Wasu sun goge, wasu sun zauna. Ta koma garinsu da su, ga zabi biyu suna bin ta. Nan ta tsaya, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara da barci.”

Yara suka watse. Ni ma na tashi na je na kwanta.

Da safe ta kira ni bayan ɗakinta, ta ce in kawo kwalbar nan. Da hannunta ta jefa ta a masai. Ta sirka ruwa ya yi ɗumi, ta wanke mini fuska da ɗan sabulun salo, ta tsane da sabon ƙyalle ba tare da ta goga ba. Ta ce ƙyallen nawa ne ni kaɗai, in riƙa wanke shi da zanen da nake ɗora kai a kai ina shanyawa a rana. Sannan ta miƙo mini mazari da auduga.

“Ni ba ni da zabuwa. Duk sanda hannunki ya nufi fuska, ki kama kaɗi.”

Ta hana ni alewa da rake da shayi mai sukari, ta ce ƙosai sai jefi-jefi. Kwaɗon zogale da rama da dafaffen wake suka zama abin marmarina. Har nono ta ce in rage mu gani. Na ce, “Iya, ke ce da hana nono?” Ta yi dariya ta ce, “Ni da na tashi a bayan shanu na san wasu yana karɓarsu, wasu ba ya karɓarsu. Ki lura da jikinki, shi zai faɗa miki.”

Ranar kasuwar Karaye ta sa muka hau a-kori-kura har asibiti. Malamin asibitin ya duba ni, ya ce man nan ne ya ƙone fatar. Su kuwa ƙurajen, ya ce na balaga ne, ba ƙazanta ba ce, ba kuma jifa ba. Ya ba ni ƙwayoyi da man shafawa, ya ce kada in sa ran ganin sauyi sai an ɗauki makonni. Iya ta yi masa godiya mai tsawo, ta ce, “Malam, ku riƙe wannan sashen. Hannunta da bakinta ku bar mini.”

Hutu ya ƙare fuskata ba ta warke ba. Raɗaɗin ya tafi, sababbin ƙurajen sun ragu, amma tabo na nan baƙi ƙirin. Ana gobe komawa na fito da akwatina na fara ninke kaya. Baba ya zo wucewa ya tsaya a bakin ƙofa.

“Tafiya za a yi?”

“Tafiya za a yi, Baba.”

“Allah ya yi albarka,” ya ce, ya wuce. Na ji yana gaya wa Iya a tsakar gida zan koma makaranta, muryarsa ba kamar kullum ba.

A makaranta an ci gaba da kirana da sunan nan har zangon ya ƙare, sannan aka gaji aka bari. Sai da shekara ta zagayo fuskata ta kwanta. Har yau akwai 'yan ramuka a kumatuna na hagu. Na gama karatu, na zama malamar makaranta, kuma ba a shekara ban ga wata yarinya a bayan aji ta ja hijabi har kan hanci ba. Nakan bari a tashi in kira ta gefe, in ce ta daina matsawa, ta guji man da ba a san asalinsa ba, ta rage zaƙi, in abin ya yi yawa a kai ta asibiti.

Bayan rasuwar Iya, muna zaman makoki, na tambayi Goggo Asabe, babbar 'yarta, ko ta tuna tatsuniyar yarinya mai ƙwai biyu. Ta ce in ba ta ta ji. Na ba ta daga farko har ƙarshe. Ta girgiza kai.

“Ni na fi kowa jin tatsuniyoyin Iya. Wannan ba ta cikinsu.”

Na tambayi tsofaffin da suka zo gaisuwa daga Rogo, babu wadda ta san ta. A nan na gane a ranar Iya ta ƙirƙire ta. Ta san in ta kira ni ta yi mini faɗa zan toshe kunne, in ta lallashe ni zan ƙara kuka. Sai ta tara yara cike da ɗaki, ta yi magana da ni kaɗai a gabansu, kuma ko ɗaya bai juyo ya dubi fuskata ba. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun safe, sannan na wanke ido na dawo na ci gaba da amsa gaisuwa.