Ina jinyar karaya na koyi zane da allura

Lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina sayar da atamfa a kasuwa, irin matan nan da ba su san zama ba. Wata rana ina komawa gida Dutsen Kura ɗan acaɓa ya kayar da ni, ƙafata ta karye gida biyu. Likita ya ce ko na warke sai na riƙa ɗingishi. Maganar nan ta fi min karayar ciwo. Na kulle kaina a ɗaki, duk wadda ta zo dubiya sai in sa a ce barci nake yi.

Surukata, wata tsohuwar Banufiya daga Bida, ba ta iya lallashi ba. Ta shigo da buhun ƙyallaye ta juye min a gado, ta ce ita dai ƙafa ta ji an ce ta karye, hannun kuma wa ya karya shi? Na cika na batse, amma da ta fita sai idona ya faɗa kan wani shuɗin ƙyalle. Sak ruwan madatsar Tagwai, inda marigayi mahaifina yake kamun kifi ina ƙarama. Na ɗinka shi a kan farin yadi, na yi kwalekwale da baƙin zare, na zaunar da Baba a ciki da malafarsa, riƙe da kifi. Ƙaramar 'yata ta leƙo ta ce kifin nawa ya fi kama da silifa. Na yi dariya har ƙafar ta amsa.

Maƙwabciyarmu, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta hango aikin a kan igiyar shanya. Sai ga ta da zanin mahaifiyarta da ta rasu, wai in fitar mata da hoton gonarsu ta citta da shi. Ranar da na gama na ce da ƙafata zan kai mata. Na dogara sanda na fita, matan layinmu suka biyo ni da guɗa kamar an kawo amarya. Maƙwabciyar tawa ta rungume aikin tana kuka tana dariya. Yau mata har daga Tudun Wada suke kawo min tsofaffin tufafi da labaransu, ni kuma in mayar musu da su hoton bango.

Nadamata ɗaya, watannin da na ɓata ina makokin ƙafa alhali Allah ya bar min sauran jiki lafiya. 'Yan uwa masu jinyar wani, kada ku tsaya a kunu da sannu kawai. Tausayi kaɗai yana ƙara kwantar da mutum. Ku samar wa hannunsa abin yi.