Ƙyallen da Ya Fi Damtsenta

Ni fa ba da ni aka shirya ba. Ranar kasuwar Kurfi ce, ina gindin tsamiya ina lallasa samari a dara, Gwaggo ta zo ta finciko ni ta wuyan riga. Wai tunda na ɗan leƙa boko a Dutsin-Ma kafin su koro ni, ni zan yi magana da malamin asibitin da Nasara suka turo rangadi. Alhali abin da na koyo a can bai wuce fito da haura katanga ba.

'Yarta ce ba lafiya, taubashiyata, ko tallar fura ba ta isa ba. Zazzaɓin ƙarshen damina ya kwantar da ita, ya sauka, har aka yi sadakar waina. Kashegari hannuwanta suka yi sanyi kamar randa, dasashinta na tsattsafo da jini. Da muka isa gida na ce mata, "Ke mai kan ƙwarya, tashi ki rama." Ko hararata ba ta yi ba. Gwaggo ta goya ta, muka fita.

Muka iske malamin a rumfa, wanzamin gidanmu na biye da zabirarsa. Malamin ya fiddo wani ƙyalle mai roba na awon jini, ya naɗa mata a damtse. Na manya ne, sai da ya zagaye ya ninka. Ya matsa, ya saurara, ya ce bai ji komai ba. Ya gwada a hannuna, abin ya yi.

Na ce, "Malam, ni ai lafiyata lau."

Ya mayar da ƙyallen cinyar yarinyar. Ya ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, a kai ta Katsina yanzu, kada a taɓa ta da aska.

Wanzami ya ɗora yatsa a wuyanta. "Ga shi yana gudu kamar ɗan tsako. Jinin da har yake fita ta baki ne ya yi kaɗan? Yawa ya yi. Ƙaho za a yi."

Malamin ya ce, "Baba, gudu yatsanka yake ji, ba ƙarfi ba."

"To kai robarka me ta ji?"

Suka yi ta yi, wannan na matsa roba, wancan na wasa aska. Gwaggo ta durƙusa ta kara kuncinta a hancin yarinyar, ta daɗe a haka. Sannan ta kwance ƙyallen da kanta, ta miƙa wa malamin, ta nuna ni.

"Ku ƙarasa gardamarku a hannun wannan ja'irin, shi ne mai jini. Tawa ta tafi."