Malamar da Ke Ƙirga Haƙoran Ƙarfe

A tashar Kankia, gaban rumfar Ɗalha mai gyaran keke, wata mata tana tsugune, gefen hijabinta duk alli, ta tura tabarau saman goshi. Tana bin haƙoran wani faifan sarƙa da farce, leɓenta na motsi kamar mai lazimi. Malamar makaranta ce ko ba a faɗa ba. In ba malama ba, wa zai zo tasha da jan biro har biyu?

Gabanta ga wata 'yar mota mai batir, robot ɗin da ɗalibanta 'yan mata suka haɗa don gasar gobe a Katsina. Gudu kam akwai shi, amma da an aza mata kaya ta iso hawa, sai ta tsaya tana kuka.

"Malama, in na sa babban faifan nan a taya, akuya mai ciki ma sai ta wuce ta," in ji Ɗalha.

"Sa shi, Malam. Ɗan kabu-kabu yaran suka ƙera mini, ni ko amalanke nake nema. Babu maki sai kaya sun kai sama."

Yana gama ɗaurawa, ta jingina katako da buhun gero, ta aza wa motar rabin bulo. Ga ta nan tana hawa, sannu-sannu, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Malama ta zuba mata ido. Ina jin wata uku ta kwashe tana lallashin iyaye su bar 'yan matan su riƙa tsayawa aikin motar bayan an tashi daga makaranta.

Mota ta kai ƙarshen katako. Malama ta zauna daɓas a ƙasa, ta laluɓo waya ta kira ɗaya daga cikin ɗaliban.

"Sumaiya? Gaya wa sauran su wanke kayan makaranta. Da mu za a tafi."