Ranar da Mushe Isufu Ya Tsallaka Raga

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar abokina Mushe Isufu (Mushe ne laƙabin malaman boko a wajenmu), malamin lissafi a lakwal ɗin da muka koyar tare a Maraɗi, kuma tsohon zakaran gasar tanis ta garinmu. Allah ya jiƙan shi. Yaran yanzu za su ce tanis a Maraɗi? E, an yi ta, a wani fili na jar ƙasa bayan Sabon Gari, inda tireloli ke kwana yanzu.

Ba gasar manya ba ce. Masu zuwa daga Kano da Kwatano da Wagadugu ƙwararru ne, amma irin waɗanda suka fi ƙarfin unguwa, Turai kuma ta fi ƙarfinsu. Isufu kan ce mu ƴan aji biyu ne na har abada, ba a kore mu ba, ba mu kuma wuce ba.

Ba mu da alƙalan layi. Al'adarmu ita ce wanda ƙwallo ta faɗa ɓangarensa shi zai ce ta shiga ko ta fita, a kuma yarda da shi. In kana shakka, kana da damar tsallaka raga ka duba tabon da ta bari a ƙasa. Damar tana nan, sai dai ba a taɓa amfani da ita ba, don tsallakawar daidai take da ce wa mutum maƙaryaci a gaban jama'a.

Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, sai kallo ya canza. Kujerun dama na wannan jam'iyya, na hagu na waccan, tafi ma sai an duba wa ake yi wa. Ana cikin haka sojoji suka dawo kan mulki, kujerun suka sake haɗewa, kowa ya koyi tafi lokaci guda. A shekarar wani mai kaki, sabon zuwa gari, ya shiga gasar. Abin al'ajabi, ƙwararru suka yi ta faɗuwa a gabansa har ya kai wasan ƙarshe. Nan ya tarar da Isufu.

Ƙwallon Isufu ta faɗa ɓangaren mai kaki, cikin layi da kusan taƙi guda. Mai kaki ya ce, “Ta fita.” Aka yi tafi. Ta sake faɗawa, ya sake cewa haka. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, to mu dama wasa muke, sauran hanya ina? A karo na uku Isufu ya aje raket. Na ce masa ƙasa-ƙasa, “Mushe, kana da iyali.” Ya ce, “Dubawa kawai zan yi, Mushe.” Ya tsallaka, ya durƙusa, ya zana da'ira da yatsa kewaye da tabon, kamar yadda yake yi a allo. Tsofaffin zakarunmu duk suna zaune a layin gaba, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa.

Ba a yi masa tsawa ba. Kafin wata ya ƙare aka mai da shi wata lakwal can arewa, inda asibiti ke da nisan yini. Ciwon sukarinsa ya ƙarasa sauran aikin. A Jiratawa muka binne shi, mahaifarsa, gasar kuma ba ta sake tashi ba.

Da yana nan yau, ban san me zai ce ba. Na dai san zai lura cewa an sake koyon tafi lokaci guda, kuma masu koyon ba su sha wahala ba.

Me ya rage nasa? Makon jiya na je garin Tsibiri gaida ɗaya daga cikin zakarun nan, ya tsufa, da sanda yake tashi. Na ce, “Alhaji, tsakaninka da Allah, ƙwallon nan ta shiga?” Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, sannan ya sassauta murya.

“Mushe, wa ya aiko ka?”