Hoton Gwaggo a Kantin Tsoho

A shekarun tamanin, ina karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, na samu aikin goge gilashi a kantin wani tsohon Bature mai sayar da hotunan dā. Kantin sanyi gare shi ko da rana tsaka. A bangon dama ya jera mawaƙan opera, wato wasan waƙa na Turawa, na ƙasar Finlan, sun sha ado, kowa da sunansa a ƙasa. A hagu kuwa matan Ainu ne, wata ƙabila ta arewacin Japan, an yi musu baƙin zane kewaye da leɓe. Su ba suna, sai lamba. Wallahi ban taɓa son juya musu baya ba.

Gwaggona ta zo daga Damagaram ganin likita, ta sauka wurina a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Wata rana ta rako ni kantin. Tana shiga ta tsaya gaban matan nan, ta yi musu sallama, ta ɗan saurara kamar mai jiran amsa.

"Waɗannan ba da son ransu aka ɗauke su ba," ta ce.

Shi kuwa tsoho idonsa na kan tsagar kumatunta. Ya ce in roƙe ta hoto ɗaya tak.

"A'a, ɗiyata. Ban son fuskata ta kwana hannun baƙo."

Ni da rawar kai, ga tsoron ɓata wa maigida rai, na rantse mata hoton namu ne, gida zai koma. Ta yarda don ni. Ya zaunar da ita, ya ɗora ma'auni a kumatunta, ya auna tsagar. Da ya jawo kwalin da za a liƙa hoton, sai na ga an riga an rubuta lamba a kai, tawadar har ta koɗe. Duk da haka na bar shi ya ɗauki hoton.

Wata biyu da komawarta gida, ta rasu. Na ruga kantin na ce ya ba ni Gwaggo. Ya ce ai wani ya saye ta, daga Paris, bai tambayi sunansa ba.

Na bi kantunan hotuna na Paris har ƙafata ta kumbura. Banza.

'Ya'yanta ba su da hotonta ko ɗaya. Duk zuwana gida sai babbar ta riƙe hannuna ta ce, "Kash, da ma kin ɗaukar mana hotonta a can."