Burgamin da Ya Shekara Hamsin a Rataye

Shekarun baya, tun ina ganin duniya a tafin hannuna take, wata zuciya ta raya mini in yi tafiyar ƙasa da jakar goyo. Mun gama tsinkar auduga, damina da saura. Kullum da yamma ina zaune a bakin kogi ina kallon gaɓar gabas, inda itatuwa ke lumshewa cikin hasken rana. Na tsara komai a kaina: mu haye ruwa ni da abokina, mu bi gaɓar nan har garin Rufa'a, kwana biyar, duk inda dare ya riske mu nan ne gida.

Na ari jaka wajen wani ɗan kawuna a Sinnar. Na cusa bargo, buta, tukunya, takalma ƙafa uku, har da madubi. Ranar da na gwada goya ta, baya ta ja ni, na zauna daɓas a tsakar gida, kaji suka watse.

Kakana na wajen uwa yana kan tabarmarsa yana kallo. Ya yi dariya har ya yi tari.

"Aboki, tahiya za ka yi ko ƙaura?"

Shi kuwa ya san tafiya. Da ƙafa ya baro ƙasar Sakkwato yana saurayi da niyyar Makka. Ya tsaya a ƙauyenmu don ya yi noman shekara ɗaya, sai aure, sai 'ya'ya, sai mu. A bangon ɗakinsa akwai wani burgami na fatar akuya, ɗaure tamau, ba mai taɓa shi. Duk kaka idan an kai amfani gida sai ya dube shi ya ce, "Baɗi, in Allah Ya yarda." Mu jikoki har kwaikwayonsa muke yi.

Ran nan ya ce in sauko masa da shi. Ya kwance a gabana. Ƙoƙo ɗaya, basilla da zare don ɗinkin takalmi, ɗan ƙullin kanwa, sai farin ƙyalle biyu na harami da suka fara komawa ruwan ƙasa. Shi ke nan. Ya jawo jakata ya shiga fitar da kaya yana tambaya, "Wanga hwa, mi za ka yi da shi?" Madubin ne ya fi ba shi dariya. Kafin la'asar jakar ta koma rabi.

Sai ya tambaye ni ta ina za mu bi. Na ce za mu haye kogi tukuna. Ya shiga shafa ƙyallen nan.

A lokacin na ji abin da ban taɓa sani ba. Ashe tunda ya zo bai taɓa taka gaɓar gabas ba. Ya yi wa kansa alkawari ba zai haye ruwan nan ba sai ranar da zai wuce gaba ɗaya. Shekara hamsin yana kallon ƙetare kamar yadda nake kallo, kuma tafiyar ba ta fi ta shan shayi ba a kwale-kwale.

"Ka tahi da ni," in ji shi. "Ƙetare kawai."

Mahaifiyata ta ce sam. "Baba, gwiwar da ba ta kai ka masallaci sai da sanda? Kalas, shi ke nan, a bar maganar nan." Ya ce mata, a hankali, "Ɗiyata, baɗin ta ƙare mini. Ina ji a jikina." Ta shige madafa. Da safe na tarar ta ƙulla mana dabino da gasasshiyar gyaɗa.

Abokina kuwa ya zame a ranar, wai ƙafa ke masa ciwo. Don haka abokin tafiyata na farko a duniya dattijo ne mai shekara tamanin. Na goya jakata, ya rataya burgaminsa, ya hana ni riƙe masa.

Ruwan ya kwanta luf da hantsin nan. Tsuntsaye farare suna binmu, mai fito yana ta tuƙi. Kakana ya sa hannu a ruwa yana ambaton sunayen zangon da suka yada a hanya, garuruwan da ban taɓa ji ba, kamar mai kiran 'yan'uwa. Ni dai ji nake kamar a mafarki muke.

Da muka isa ya ƙi in tallafe shi. Ya sauka, ya fuskanci gabas, ya fara takawa. Na ƙirga, taki arba'in da ɗaya. Sai ya tsaya a inuwar wata bagaruwa, ya yi nafila raka'a biyu a zaune. Ya juyo, fuskarsa jiƙe da hawaye, yana murmushi.

"To, aboki. Na kama hanya."

Muka ci dabino, ya ɗan yi gyangyaɗi, muka dawo gida kafin la'asar. Tafiyata ta kwana biyar ke nan, kuma ban ji haushi ko kaɗan ba.

Bai ga wata kakar ba. Da ƙyallen haramin nan aka haɗa aka yi masa sutura, kamar yadda ya bar wasiyya.

Daga baya na je Rufa'a da ƙafa, na je inda ya fi ta nisa. Na iya haɗa jaka yanzu, ba madubi, ba tukunya. Amma basillarsa tana aljihun ciki koyaushe. Har yau ina kewarsa, kuma duk inda na sauka daga mota ko kwale-kwale, sai na tsinci kaina ina ƙirga taki. Idan na kai arba'in da ɗaya nakan ɗan tsaya, sannan in ci gaba da sauran a madadinsa.