Takin da Ba a Watsawa

Ba a kira mu mata taron takin ba, kuma har yau ban ce na yafe ba. Shekarun farkon Shari'a ne, ana raba maza da mata a kowane zama. Aka raba, sai aka manta da yin namu. Alhali tun rasuwar maigidana ni ke noma fadamarmu a bayan Birnin Tsaba, shinkafarta kuma ita ke kai mu kaka da yarana.

Ƙanen mijina ne ya je Kaura ya saurari malamin gona. Ya dawo da taki dunƙule-dunƙule, farare kamar ƙwan kurciya. Na juya buhun, babu kalmar Hausa ko ɗaya, ni kuwa ajin yaƙi da jahilci Hausa ya koya mini.

"Yaya aka ce a yi da shi?"

"Matar yaya, taki dai taki na. Watsawa za ki yi."

Na watsa rabi, na ajiye rabi. Aka yi ruwa mai ƙarfi, ya wuce ta kan fadamar. Bayan kwanaki shinkafata ta yi ɗorawa, ganye siriri, sai layi guda da ya yi kore shar, daidai inda nake takawa in zan tsallaka. Na tumɓuke ɗaya a nan, ɗaya a can, na wanke. Ta layin saiwarta fara ce, doguwa, ta yi gashi, ta nutsa cikin laka inda diddigena ya danna dunƙulen. Ɗayar gajera ce, ta tsaya sama-sama.

Na sami ƙanen mijina ƙofar gida yana cin gyaɗa, na ajiye masa su a cinya.

"Kai, ragon maza, mi malamin nan ya ce?"

Ya yi dariya. "To, ya dai ce a turbuɗe shi cikin laka tsakanin tushe huɗu, wai a hankali yake narkewa, saiwa ta bi shi. Wa ke da ƙashin bayan yin wanga aiki? Tausayinki na ji."

"Tausayin naka za mu tuƙa tuwo da shi?"

Na juya na shige gida. Shinkafar ba ta kai ga yin ciki ba tukuna, ban kuma san ko an makara ba.

Da gari ya waye na zuba sauran rabin a ƙwarya, na ɗaure zane sama da gwiwa, na shiga lakar daga gefen da ya fi ɗorawa. Ina danna kowane dunƙule da yatsa, ina rufewa da diddige.